Tarwaɗar da Ta Ci Idon Yayana

Tsakanin ƙauyenmu da ƙauyen da ƙanwarmu take aure, can bayan Kunci, akwai wani tafki. In rana ta ƙwalle nan muke iyo, mu fito mu baje a gindin giginya muna shan iska. Bayan kaka kuwa sai a yi su, wato kamun kifi na gayya: mazan ƙauyukan biyu su faɗa ruwa da komarsu ta kamun kifi, ana kiɗa ana tsokanar juna. Dokar su guda ce. In mutum biyu suka kama kifi ɗaya, mai riƙe da kai shi ke da kifi.

Da damina ta fara yi mana rowa shekara bayan shekara, tafkin ya tsuke har bai fi masussuka ba. Rumbuna suka koma wayam, zukata suka yi zafi. Dattawa suka ce a fasa su bana. Ina! Wa zai yarda a ce ƙauyensu ne ya fara janyewa? Muka tafi, kowa da yunwarsa.

Ruwan ko gwiwa bai kai ba, taɓo ne zalla, mun cika shi maƙil. Ba kiɗa, ba dariya. Can sai yayana da mijin ƙanwarmu suka danƙi tarwaɗa ɗaya. Kan yana hannun yayana, da idona na gani.

"Saki, kai na riƙe!" in ji yayana.

"Haba Yaya, 'ya'yan ƙanwarka tun jiya ba su ga tuwo ba," in ji mijin.

Da shekarar ƙoshi ce, da tsiya za a yi wa mijin a bar masa kifin. Yayana ya fizge. Mijin ya ɗaga sandar koma ya sauke masa a fuska, na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Sai wuri ya kaure, sanda, naushi, cizo. Wani ya danna kaina cikin taɓo har na fara shaƙar lahira, na gantsara masa cizo ya sake ni. Mutanen da muka koyi iyo tare fa! Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da na jawo yayana gaɓa, idonsa na hagu ya tsiyaye, jini da taɓo sun cakuɗe a gemunsa. Kifin yana hannunsa bai saki ba. Ya laluba ya miƙo min.

"Kai wa ƙanwarmu ta dafa wa yara. Kada ka ce komai."

Na kai. Ta karɓa da murna, tana tambayata ko su ɗin bana ya yi daɗi.