Hannun Ustaz Harun da Aka Ara

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi abinSa. Ustaz Harun Bashari, malamin tarihi kuma tafinta, ya rasu a ɗan ɗakinsa na haya da ke Dokki, nan birnin Alƙahira, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Likita ya rubuta cewa zuciya ce ta tsaya. Ban musa wa likita ba, amma na san wanda ya tsayar da ita, kuma ba zan rufe wannan ta'aziyya ban yi maganarsa ba.

Ustaz, an saba yi wa mamaci rubutu mai sanyi. Ka yi mini afuwa, nawa ba zai yi sanyi ba.

A kasuwar Ataba ka tsince ni, ni Sagiru ɗalibinka, a makon da na iso daga Kazaure. Wani direban tasi ya ninka mini kuɗin mota, ni kuma Larabcin littafi kawai na iya, sai na buɗe baki na shiga surfa masa zagi da Hausa. Can na ji an dafa mini kafaɗa. "Ɗana, zagin Hausa ba ya kama Bamisire. Ma'alish, yi haƙuri, yalla, zo mu sha shayi." Na ɗauka ɗan Hadeja ne kai, ashe Bahaushen Sudan ne. Kakanka ne ya bar Hadeja a ƙafa zuwa Makka, a hanyar dawowa ya yada zango a bakin kogin Nilu, su suka kafa ƙauyenku, Hillat Garko.

Tun daga ranar ban sake kwana da yunwa a ƙasar nan ba. Ɗalibi nawa ka raka layin sabunta takardar zama, ka yini a tsaye kamar taka ce? Duk Alhamis tukunyar wakenka a kan wuta take, kowa ya zo ya ɗiba, sharaɗin kawai ya zauna ya ji tarihi. Mu kan ce waken Ustaz ya fi na gidan abinci tsada, don sai ka biya da kunnenka.

Darasi guda ne ba ka gajiya da shi. Za ka kwashe mu zuwa tsakiyar gari, ka nuna mana gurbin wani tsohon otal, ka ce a nan jami'an Ingila suka zauna lokacin yaƙin duniya na farko, suna aika wa mai mulkin Makka zinariya da bindigogi da alƙawarin sarautar Larabawa, alhali 'yan'uwansu ta ɓangaren Indiya sun riga sun sa hannu da mai mulkin Najadu, abokin gabarsa. Ka ce kakanka yana can Hijaz a lokacin, cikin mahajjatan da yaƙi ya rutsa da su, suna tsintar ƙwallon dabino. Sannan ka ɗaga yatsa ka ce, "Duk wanda ya yi maka alƙawari a ɗaki, tambaye shi ɗaki nawa ne a gidan."

Kai ka koya mana wannan, Ustaz. Kai da bakinka. Har yau idan na tuna, haushinka ma yakan kama ni.

Da yaƙin Sudan ya isa yankinku, Hillat Garko ta faɗa tsakanin shugabannin mayaƙa biyu da ba sa ga maciji da juna, Shaihu Munzir a gabas, Shaihu Jamal a yamma. Hanyar fita ɗaya ce, wata gada, kuma kowannensu ita yake so. A cikin ƙauyen akwai 'yarka tilo Fatna, da mijinta Isam, da jikarka Tagwa.

A lokacin ne wani jakada na wata babbar ƙasa ya aiko maka mota daga Zamalek, unguwar jakadu. Ya ce zai sasanta shehunan biyu a buɗe gadar yini ɗaya farar hula su wuce, kuma yana neman tafintan da ɓangarorin biyu suka san gidansu. Wakilin Munzir ya zo, aka yi magana, ka fassara. Da aka zo ƙarshe sai ya fito da Alƙur'ani daga aljihu ya ce su a wurinsu takarda ba ta ɗaure mutum, sai rantsuwa. Jakada ya yi murmushin nan nasa ya ce shi ba Musulmi ba ne, ko Ustaz zai dafa a madadinsa? Ka dafa. Bayan kwana biyu wakilin Jamal ya zo, shi ma ya nemi haka, ka sake dafawa da hannun nan na dama. Duk sau biyun, ana gamawa aka raka ka falo aka kawo maka shayi, su suka ci gaba da zama.

Daga falon ka kira Fatna a waya. "Ku fito ranar Asabar. Ki gaya wa mutanen gari na dafa Alƙur'ani." Ba don jakada suka fito ba, ba su san shi ba. Don kai suka fito, da tsofaffi a kan jakuna da jarirai a baya. Suna tsakiyar gada mayaƙan Munzir suka ɓullo ta gabas, na Jamal ta yamma, kowanne ya zo karɓar gadar da yake ganin tasa ce, kowanne ya ga ɗaya ya ce an ci amanarsa. Isam da Tagwa suna cikin waɗanda ba su ƙetare ba.

Fatna ta iso Alƙahira ta hanyar Aswan, ta kama ɗaki a unguwar Faisal, ta ce ba ta da uba. Mutanenku da suka tsira suka ce ka sayar da su. Wanda ka ciyar jiya ya gan ka a hanya ya tofar da yawu. Duk Juma'a kakan sayi burodi da madara ka je ka zauna a gindin benen da take, har la'asar, sannan ka ba mai gadi saƙon ka tashi. Ba ta taɓa leƙowa ba.

Daga nan ka daina taɓa Alƙur'ani, sai karatu da ka. Ka daina musabaha. In mutum ya miƙo maka hannu sai ka dafe ƙirji ka ce, "Ka yi haƙuri, wannan hannun ba ya ƙulla amana kuma." Malamai suka ce maka ba ka yi rantsuwa a kan ƙarya da saninka ba, ka yi kaffara ya wuce. Ka ciyar, ka yi azumi, hannun dai bai koma ba.

Bayan watanni wata Bamisiriya mai suna Samar ta nemo gidanka. Ita ce tafintar da ake shigowa da ita bayan an kai ka falo. Ina wurin ta faɗa tana kuka. A zaman farko jakada ya ce wa wakilin Munzir gadar tasu ce daga ranar Asabar, da makamai, muddin zinariyar dutsen yankin ta bi ta hannun ƙasarsa. A zama na biyu ya faɗa wa wakilin Jamal haka, kalma ba ta canza ba. Lissafinsa shi ne duk wanda ya ci, shi dai ya ci. Fitar mutanenku ado ne kawai na rahoton da zai aika gida.

Na miƙe na ce mu tafi Faisal wurin Fatna yanzu. Ka kama mini riga da hannun hagu. "Khalas, shi ke nan, Sagiru. In je in ce mata ba ni ba ne? Wa ya kira ta a waya? Uzuri ba ya dawo da Tagwa." Ka hana ni, ka kuma hana ni cewa Allah Ya isa. Na bi umarninka muddin kana numfashi.

Ranar Talata, tun kafin a ɗora ruwan wankanka, na ɗauko Samar muka hau benen nan da ka yi shekara kana zama a gindinsa. Fatna ta saurare ta a tsaye. Muka dawo muka yi maka wanka, ni na wanke hannun. Muna shirin ɗaure likkafani aka ce ga wata mata a bakin ƙofa. Ta shigo ta durƙusa, ta ce, "A buɗe mini hannunsa na dama." Ta sa nata a ciki ta riƙe kamar mai gaisuwa. "Baba, ga ni. Na zo." Ta daɗe a haka, mu kuwa kowa ya juya fuska bango.

Yini ɗaya ne tsakaninka da jin wannan kalma, Ustaz, kuma wannan yinin ma a kan jakadan na ɗora shi.

Ya aiko da furanni wurin zaman makoki, manya, da kati mai ruwan zinariya, wai ya yi rashin aboki. Na fitar da su bakin titi. Jakin mai kwasar shara ya shinshina ya kau da kai, kuma na ga girmansa a ranar.

To, jakada, na san akwai masu fassara maka duk abin da aka rubuta, ka sa su fassara wannan daidai. An ce za a karrama ka a wani otal na bakin Nilu saboda hidimar zaman lafiya. Za mu zo. Ba mu da bindiga, ba ma so. Samar za ta faɗi abin da ta ji a ɗakin nan bayan an kai Ustaz falo, da sunanka, a gaban masu ɗaukar hoto. Matan Hillat Garko da suka ƙetare gadar za su tsaya a bayanta, Fatna a gaba, kowace ta ɗaga hannun dama. Duk garin da aka tura ka bayan nan, akwai ɗalibin da ya ci waken Ustaz a can. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ban yafe ba, kuma kada wani dattijo ya wahalar da kansa zuwa ba ni haƙuri. Ustaz ya hana ni faɗa yana raye, yau ina faɗa: Allah Ya isa. Allah Ya hana ka barci, Ya sa duk hannun da ka miƙa a bar maka shi a iska.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Fatna, da mutanen Hillat Garko na nan da waɗanda suka warwatse, da ɗaliban Alhamis. Allah Ya ji ƙan Isam da Tagwa da duk waɗanda suka kwanta a gadar, Ya karɓi shahadarsu. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Harun, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da jikarsa a Aljanna. Ka san hannun nan aronsa aka yi. Ranar da za a raba littattafai, Ka ba shi nasa a cikinsa.