Katin da Inna ta ɗinke

Tun ina bin babanmu fatauci, ba wanda ya taɓa barin gidanmu na Dogon Dutsi da kuɗin tafiya a aljihu. Inna ke ɗinke su. Jajibirin tafiya za ta karɓi wandon mutum, ta farke ƙugun, ta jera takardun kuɗi a ciki, ta bi da zare tana addu'a ƙasa-ƙasa. Bayan rasuwar baba ni kaɗai na rage mata a wannan aiki. Ido ya fara gazawa, ta bar daka, ta bar zuwa kasuwa, amma ɗinkin nan ba ta bari ba.

Ni kuwa kayan gyaran moto nake sarowa a Lome, kuma na gaji da tafiya kamar mai ciki, ina dafe ƙugu a kowane shingen jandarma. Sai na ce katin banki zan yi. Ma'aikaciyar banki ta shimfiɗa mini iri uku, ta ce bambancinsu plafon, wato iyakar abin da mutum zai iya cirewa. Ƙaramin ba zai sayi ko kwalin buji, wato fulogin moto, ba. Babban, mai ruwan zinariya, zai ɗauki sarina duka, ya biya masauki, har da cefanen gida, sai dai kuɗin riƙonsa na da zafi. Kai, na yi zarya a bankin nan! In je, in juya katin, in tambayi abin da na tambaya jiya, in fito. Har mai gadi ya fara ce mini, “Alhaji, yau ma kallo?” Ranar dai na ce a ba ni babban, kowa ya huta.

Ashe zaɓen ne mai sauƙi. Yadda zan gaya wa Inna cewa allurarta ta gama aiki, shi ya hana ni zama wuri ɗaya. In shiga ɗakinta, in yi zancen gero, in fito. Sai da jajibiri ya zo, ta miƙo hannu ta ce, “Kawo wandon.”

Na durƙusa na ce, “Inna, bana ba sai kin wahala ba. Kuɗin duka suna cikin wannan.”

Ta shafa katin da yatsa. “Duka? Cikin ɗan abin ga?”

“Duka, Inna.”

Na tashi da sauri na tafi tasha yankar tikiti, na manta katin a kan tabarmarta. Da na dawo ina lalube, ta miƙo mini wandon a ninke ta ce, “Shina inda ya kamata.” Na taɓa ƙugun, na ji shi a ciki, tauri kamar ƙashi. Dariya ma na yi. Na ce to, ta samu abin ɗinkawa, ni ma na tsira.

A Doso motarmu ta tsaya, na ce bari in gwada shi. Na ratse bayan wani shago na farke ɗinkin da reza, na ja, ya ƙi fitowa. Da na duba, wayyo Allah! Inna ta ga abu ne mai santsi, zai iya sulluɓewa, sai ta gasa basilla a garwashi ta huda shi, ta ɗaure shi da jikin wandon. Huda ɗaya ta bi ta tsakiyar ɗan ƙarfen nan mai ƙyalli. Na dai sa shi a injin banki don kada in ce ban gwada ba. Ya tofo mini shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga tafiya ta lalace, ga abokan ciniki na jira, sabon kati kuma sai an aiko daga Yamai. Na kira wayar gida da niyyar in yi faɗan da ban taɓa yi mata ba. Matata ta ɗauka, ta ce tana shafa wa Inna man kaɗe, basillar ta ƙona mata yatsu biyu. Kafin in ce uffan, na ji muryar tsohuwar.

“Ka sauka lahiya? Abin ga akwai taurin kai, da ƙyar ya huda. Bai dai hwaɗi ba ko?”

Na tsaya a bakin titi, motoci na wucewa. Na ce, “Bai faɗi ba, Inna.”

Sabon katin yana aljihun gabana, da shi nake sari, da shi nake sayen shinkafa. Tsohon kuwa yana wurinta. Duk jajibirin tafiya takan karɓi wandon, ta laluba hudojin nan da yatsa, ta zura zare, yanzu ko garwashi ba ta nema. Wani lokaci takan tambaye ni ko har yanzu abin da ke ciki na isata.

Nakan ce yana isa.