Mudun Malam Ashiru na Fagam

Da an sallame sallar asuba, Malam Ashiru zai buɗe shago, ya yi shara, ya jera buhunan shinkafa da wake da gero. Daga nan sai ya ɗauko mudu ya kife shi a kan tebur, ƙasansa na kallon sama. Haka ya yi shekara talatin da ɗaya. Duk wanda ya zo awo, ƙasan mudun zai fara gani: sumul, ba a buge shi ya shige ciki don ya rage ɗauka ba.

Shagon ba nasa ba ne. Na marigayi Alhaji Badamasi ne, mai shaguna uku: ɗaya a Birnin Kudu, ɗaya a Gwaram, sai wannan na Fagam. Malam Ashiru ma'aikaci ne kawai. Amma mutanen Fagam ba sa cewa za su shagon Badamasi, cewa suke za su wajen mudun Ashiru. Mata kan kawo nasu daga gida su gwada da nasa. In gardama ta tashi a kasuwa kan awo, nasa ake aikawa a ɗauko.

Shekarar da Alhaji ya rasu, ɗansa Zulkifli ya karɓi shagunan. Kaya sun yi tsada. Ya zo da sabon mudu mai ƙyalli, wanda aka ɗan tura wa ƙasa ciki, ya ce da shi za a riƙa awo.

Malam Ashiru ya juya shi, ya shafa ƙasan da yatsa. Ya ce, "Alhaji ƙarami, in dole ne ka ƙara farashi, ƙara, wannan kowa zai gani. Amma ba da hannuna za a rage wa mutane tuwo a ɓoye ba." Ya ajiye makulli a kan tebur ya fita. Mutum tara yake ciyarwa, kuma ba shi da wata sana'a.

Aka sa wani a shagon. Inna Tani mai ƙosai ta zo awon wake, ta ɗaga sabon mudun ta leƙa ƙasansa. Ta ce, "Malam, wannan ai ƙanen wancan ne. In yayan ya dawo ka aiko mini." Ta juya da kwanonta wayam. Sauran mata suka bi sahunta. Ba wanda ya zagi shagon, shagonsu ne. Jira kawai suka yi.

Kwana goma sha ɗaya Malam Ashiru na gida. Rana ta goma sha biyu Zulkifli ya je da kansa, ya durƙusa, ya miƙa makulli. Shi ma a yaba masa, ba kowane ɗan mai hali ke iyawa ba.

Malam Ashiru, kai ne ka zaɓi yunwar gidanka a kan ta gidajenmu. Ba ka taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Mudu kawai kake kifewa.

Yanzu gwiwa ta hana shi tsayuwa, makon jiya ya ajiye aiki. Zulkifli ya naɗe tsohon mudun a ƙyalle ya miƙa masa, ya ce, "Baba, tafi da shi, naka ne."

Ya ce, "Me zan auna a gida? Ku bar shi inda ake awo." Ya danƙa shi ga Muhammad Auwal, wanda zai ci gaba da tsaron shagon.

Mun gode, Malam Ashiru. Allah ya cika maka naka awon ranar da za a auna kowa. Masu awo na Gwaram da Birnin Kudu, gobe da safe kowa ya kife mudunsa a kan tebur. Wanda ya kasa, ya san dalili.