Yadda Na Naɗa Babana Sapota

Wata ranar Laraba ce bayan an gama yankan gero, shekarar da nake aji huɗu a firamare, sakataren jam'iyya ya taho daga Bodinga a kan keke ya miƙa wa Babana farin ambulan daga Ikko. Baba ya sha yawo ƙauyukan Danchadi lokacin zaɓe yana lallashin mutane su fito jefa ƙuri'a, ga shi shugaban ƙasa ya aiko masa da wasiƙa, har da sa hannu a ƙasa kamar sawun kaza. Kafin a shimfiɗa tabarma zaure ya cika. A gidanmu ni kaɗai ne ɗan boko, wato babban malami wanda bai wuce haɗa baƙi da wasali ba. Baba ya ce, "To, ɗan makaranta, karanta muna. Mi tac ce?"

Na duba takarda, takarda ta dube ni. Turanci ne zalla, layi bisa layi. Kalma ɗaya na iya tsinkowa daga sama, inda suna ya kamata ya zauna: sapota. Gumi ya karyo mini. Na san Magaji, na san Marafa, duk a gaban suna ake sa su, sai na gyara murya na ce shugaban ƙasa yana gaisuwa, kuma ya naɗa Baba sarautar Sapota. Aka yi kabbara. Inna ta dama fura ƙwarya biyu, wani tsoho ya rantse ya taɓa jin wannan sarauta a ƙasar Gwandu.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Baba ya ninke wasiƙar ya sa cikin hula, ko'ina ya je tana bisa kansa. Ina jan jigo ina ba albasa ruwa a fadama, in na ji an ce "Sapota, barka da aiki," sai guga ya kuɓuce mini. A filin langa yaran da ba su kai ni ba suka riƙa kayar da ni. Hedimasta kuwa, in na hango kekensa ya nufo unguwarmu, sai in ruga in tare shi da gaisuwa mai tsawo har ya wuce ƙofarmu. Ba bulala nake tsoro ba. Tsorona a yi wa Baba dariya a gaban mutanen da suka yi masa kabbara.

Da rani muka kai rago kasuwar Shagari. Baba na ciniki, ya cire hula zai share gumi, sai wani mutumin Mandera ya ga takardar ya ce, "Af, kai ma an aiko maka?" Ya zaro tasa, iri ɗaya sak. Mai rubuta wasiƙa da ke gefe ya duba duka biyun ya ce sapota magoyin baya ke nan, duk wanda ya taya kamfe an aika masa.

Muka kamo hanyar gida, Baba na gaba ina biye. Sai da muka hango rumbunan garinmu ya tsaya ya dube ni. "Ashe kai kan naɗa ni," in ji shi. "To, ba a tuɓe rawani don mai naɗin ƙarami ne. Ka kama bakinka, ni ma na kama nawa." Har ya rasu Sapota ake kiransa, da sunan aka yi masa salla.

Yanzu jikata ta ce a birane akwai masu tara wasiƙun tsofaffin shugabanni, suna sa su a gilashi, wai in ba ta wasiƙar Baba ta kai musu. Na ce ta bari. 'Yan takarar yau saƙo suke turowa a waya, kana gogewa da yatsa ya tafi, ba wanda zai dama fura dominsa. Ni dai karatuna bai yi nisa ba, amma ya taɓa faranta ran mutum guda.