Yaren da Malama Atika ta zaɓa

Atika 'yar Jiratawa ce, ta uku cikin 'ya'ya tara. Lissafi ta karanta a Yamai, kuma can ta fara taɓa ordinata, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, a wani ɗaki da sai ɗalibi ya yi layi kafin ya samu kujera. Da ta gama ta dawo Maraɗi, ta yi aure a Sabon Gari, ta kama koyarwa a wata makarantar sakandare da ke Tsibiri. Shekara goma sha ɗaya kabu-kabu na kai ta da safe, ya maido ta bayan azahar.

A shekarar da makarantar ta samu tsofaffin na'urori takwas, darakta ya kira ta tare da Maman Lawali, malamin kimiyya. Ya ce su zaɓi yare guda na ba na'ura umarni, wanda za a koya wa yara.

Maman Lawali bai yi wata-wata ba. "Java," in ji shi. "Shi na koya, shi kuma manyan kamfanoni ke nema."

"Malam, yaran nan da Faransanci ma kokawa suke," in ji Atika. "Layi nawa za su rubuta a Java kafin na'ura ta ce masu sannu? A Python layi guda ne. Ga wuta da ke tahiya ba sallama. Ni ina son abin da zan rubuta da alli, yaro ya kwafa, ya je ya gwada a salular gidansu."

Gardama ta yi tsawo har darakta ya gaji. Ya ce kowa ya ɗauki aji guda, kowace Asabar da hantsi, a haɗu bayan sati shida.

Farkon bai zo wa Atika da sauƙi ba. Python na son a bar tazara daidai a farkon layi, yaran kuwa kowa inda hannunsa ya faɗa nan yake farawa, na'ura ta yi ta ƙi. Sai ta karɓe littattafansu talatin da huɗu, ta ja wa kowane shafi layuka daga sama zuwa ƙasa, don kowa ya ga inda zai fara rubutu. A sati na huɗu aka fara jin ihun murna daga ajinta.

Ranar haɗuwa wata ɗalibarta mai suna Salima ta fito gaban malamai. Ta ce kowace damina manoma goma sha biyu na unguwarsu sai sun yi cacar baki kan gonar wa za a fara yi wa gayya. Ta shigar da sunayensu, na'ura ta yi ƙuri'a, ta ba kowa ranarsa, ba wanda aka maimaita, ba wanda aka manta. Atika na tsaye bakin taga tana kallo.

Maman Lawali ya duƙa ya karanta abin da yarinyar ta rubuta, layi goma sha huɗu. Ya ɗago.

"Madam, Asabar mai zuwa a aje mani wuri."

Ya kuwa zo, ya zauna a benci cikin yara da sabon littafinsa. Tun daga nan da Python ake fara wa kowa a makarantar. Wanda Atika ta ga hannunsa ya nuna, da kanta take kai shi ajin Maman Lawali ya ɗora masa Java. Bana yara bakwai ta kai, biyar cikinsu mata.