Ranar da Kunkuru Ya Fito a Motata

Aikina tuƙi ne. Na fara jan motar ƙaramar hukuma a Tambuwal ba da jimawa da yi mana jihar Sakkwato ba, lokacin da fetur yake da arahar da har hannu ake wankewa da shi a gareji. Wanda ya koya mini ya ba ni tsari, ban taɓa sauya shi ba: da safe a duba ruwa, a duba baƙin mai, a daki taya, sannan a tayar. Ya kuma ba ni doka guda, cewa mai mota ba ya wuce mai ƙafa.

Bayan na daɗe da yin ritaya, ɗana da ke aiki a Sakkwato ya kawo mini wata 'yar farar mota mai aiki da lantarki, ta hannu. Ya ce, "Baba, ka huta da layin gidan mai." Ranar na zagaya unguwa da ita har ban san sau nawa ba. Ba ƙara, ba hayaƙi, ka taɓa ta da ɗan yatsan ƙafa ta zabura. Washegari na buɗe bonet don in bi tsarina, na rasa inda zan tsoma sandar duba mai. Na tsaya ni kaɗai ina dariya.

Da na zauna da ita na gano halinta, zan kuma faɗa bi da bi. Na farko, babban batirinta ya gaji tun a hannun mai ita na dā. In ya cika yana sauka a hankali, amma da ya wuce rabi sai ya zube da sauri, musamman in ana zafi. Na biyu, akwai wani ƙaramin batir da in ya mutu ko ƙofa ba ta buɗuwa da daɗi. Na uku, nauyinta yana cin taya. Sai na ƙarshe: duk makaniken da na kai wa a garinmu leƙawa yake yi ya ja da baya, ya ce shi bai shirya wuta ta ja shi ba. Abin da ban kai gidan mai ba, mai taya da mai kafa sola sun karɓa. Duk da haka ina son ta.

Ina da wa, malami ne, gwiwa ta kwantar da shi. Babur ba ya hawuwa gare shi, motar haya kuma ta matsa mutane da yawa. Jikata da ke Kebbe ta sauke Alƙur'ani, ta aiko cewa ba wanda zai saurari karatunta ya shafa mata addu'a sai shi. Na ce masa, "Yaya, ni zan kai ka, kuma kafin jama'a su watse." A ƙasarmu irin wannan taro da hantsi ake yin sa, rana na ɗagawa kowa ya nufi gona.

Damina ce. Jajibirin tafiyar hadari ya rufe rana, sola bai tara abin kirki ba, wutar gari kuma ba a kawo ba. Da safe na duba allon motar, ya nuna mini wutar da ta rage ta ɗara rabi. Na lissafa a raina za ta kai mu har da ragowa.

Muka kama hanya. Yaya ya gyara zama, ya saurara, ya ce, "Kai, wagga mota ko numfashi ba ta yi!" Sai ya fara tilawa a hankali, abin da ya ce bai taɓa iyawa cikin mota ba. Daɗi ya kama ni har na ƙara mata wuta.

Ba mu yi nisa ba muka iske wani dattijo da ƙaninsa suna tafe da buhun taki. Na tsaya, suka shiga. Can gaba wani malamin makaranta babur ɗinsa ya mutu, shi ma Kebbe za shi, ga shi ƙato. Na ɗauke shi. Hanya ta yi laka, mota tana ja da ƙarfi, allo yana sauka ina gani. Na ci gaba da tuƙi kamar ban gani ba.

Muna hango rufin kwanon Kebbe daga nesa sai ta yi wani ɗan kuka, hoton kunkuru ya fito a allon, rawaya. Na taka, ta ƙi gudu. Yaya ya katse tilawa ya leƙo.

"Mi na na wannan?"

"Kunkuru ne, Yaya. In wuta ta kusa ƙarewa, tafiyarsa take yi."

"To ai ta hi ka gaskiya," in ji shi. "Ita ta hwaɗi, kai ka yi shiru."

Dattijon nan ya ce, "Alhaji, bari mu tura, ka saka giya biyu ta tashi."

"Ba ta da giya biyu, Malam. Ba mutuwa ta yi ba, nauyi ne ba ta so. Ga yadda za a yi. Da farko kowa ya sauka ban da Yaya. Sannan a sauke taki. Sannan ku bi ta gefe, in mun zo tudu ku dafa mata."

Malamin makarantar ya ce, "Wato mun biya kuɗin mota da ƙafa ke nan."

"Kai da ka cinye mana rabin batir," in ji ƙanin dattijon, "ai kai ya kamata ka ɗauki buhun."

Ya kuwa ɗauka. Na kashe fanka, na kashe duk abin da ke cin wuta, muka ci gaba. Mota tana tafiyar mutum, maza uku suna biye da ita, rana tana ɗagawa. Idona ɗaya a kan kunkuru, ɗaya a kan hanya.

Masu zuwa gona da suka gan mu suka tsaya. Farar mota tana tafiya shiru, tsoho mai rawani a gaba, mutane a ƙasa suna dafe da ita. Suka ɗauka rakiyar babban malami ake yi. Wannan ya ajiye fartanya ya zo gaisuwa, wancan ya dafa bayan motar, wani ya ruga gaba yana kore awaki. Kafin mu shiga gari mun zama ayari, kuma rabin tafiyar hannun mutane ne ke yin ta. Yaya yana ɗaga hannu ta taga yana amsa gaisuwa, yana ce mini ƙasa-ƙasa, "Kar ka hwaɗa musu komi."

Mun iso ƙofar gidan an fara naɗe tabarmi. Surukina ya hango mu ya ɗaga murya, "A mayar da shimfiɗa, ga su nan!" Daidai gindin dalbejiya allon motar ya ɗauke gaba ɗaya. Aka rungumo Yaya aka zaunar da shi, aka kawo jikata da allonta mai zayyana. Ta fara karatu. Ya saurara ido rufe, ya gyara mata wuri guda, ya yi addu'a mai tsawo, jama'ar da ta biyo mu duk ta shafa.

Motar kuwa, wajen wani mai walda muka tura ta, ta wuni tana shan wuta a janaretonsa, yara sun kewaye ta. Tun daga ranar na ƙara abu ɗaya a tsarina na safe. Kafin in daki taya, sai na ɗaga kai na duba sama tukuna.