Jan Baki a Allon Rada

Har gobe ban manta da safiyar Alhamis ɗin da na tashi gari guda tsaye saboda tsuntsu ba. Ku da kuka shigo aikin gona kwanan nan kun ji ƙishin-ƙishin ɗin labarin a ofis, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Gara ku ji shi daga bakin mai laifin.

An ɗauke ni aikin malamin gona a shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a ina Kaura Namoda, ina yawo a kan babur daga Sakajiki har Zurmi, ina koya wa manoma tazarar shuka da zuba taki. Na kai matakin albashi na goma sha biyu ina wannan aiki lafiya lau, sai rashin tsaro ya zo ya hana mu shiga daji. Muka koma zaman ofis, daga shan shayi sai gardamar siyasa.

Ana nan sai aka ce jami'an tsaro sun kawo wata na'ura mai suna rada, don gano jirage marasa matuƙi, waɗanda mutanenmu ke kira kurman jirgi. Jita-jita ta cika gari cewa 'yan bindiga sun fara mallakarsu, suna leƙen gari da su kafin su kawo hari. Ana neman ma'aikata 'yan ƙasa da suka san hanyoyi, suka kuma iya taɓa kwamfuta, su taimaka da zaman gadi a gaban allo. Na ɗaga hannu tun kafin a gama karanta takardar. Allah ya sani ba kishin ƙasa ba ne ya ɗaga hannun nan. Na gaji da zama ne, kuma ina son a gan ni a gaban motar jami'ai ina wucewa ta kasuwa.

Aka yi mana horo na mako guda a Kaura. Mai koyar da mu Saje Iliya ne, wani dogon mutum da ba ya dariya sai da dalili. Ya ce rada tana tura wani abu da ido ba ya gani zuwa sama, in ya bugi wani abu sai ya dawo, kamar yadda muryarka take dawowa in ka yi magana cikin rijiya. Daga dawowar nan na'urar take gane nisan abin da tsayinsa da gudunsa, ta nuna shi ɗigo a allo. Sannan ya nuna mana bidiyon yaƙe-yaƙen ƙasashen waje. Jama'a, na ga abin da ya hana ni cin tuwo! Jirgi bai fi faifai girma ba, yana ɗauke da kyamara da bam, mai tuƙa shi yana can zaune a inuwa, amma ya sa tankar yaƙi tana neman maɓoya. Wani lokaci kuma a sako su da yawa, su zo tare. Akwai wani soja a bidiyon da ya ɗaga kai ya kalli sama, daga nan hoton ya yanke. Fuskar mutumin nan ta zauna mini a rai.

Ƙa'idar aikin uku ce, kuma sai da Saje ya sa muka haddace ta. Ka gani a allo. Ka fita waje da tabarau mai hangen nesa ka tabbatar da idonka. Sannan ka kira a oba-oba, wato rediyon hannu, ka sanar. Ya ce dalilin ta biyun shi ne tsuntsaye ma suna fitowa a allo, kuma ƙaramar rada irin tamu ba kullum take bambance fiffike da farfela ba.

Ni da bakina na ce, "Oga, wannan ka gaya wa 'yan birni. Ni na fi shekara ashirin ina faɗa da tsuntsu a gona. Ko a mafarki na gan shi na san sunansa."

Ya dube ni ya ce, "To, Malam Sani, Allah ya sa."

Aka tura ni tare da Saje da mutanensa wani ƙauye kusa da Birnin Tsaba, aka kafa na'urar a rufin makarantar firamare, allon kuma a cikin aji. A daminar nan babu wanda ya noma gonar nesa, don wanda ya je ba lallai ya dawo ba. Kowa ya matse a 'yan filayen bakin gari. Cikinsu akwai Baba Na'Allah, dattijo mai iyali da yawa, wanda na sani tun ina sabon ma'aikaci. Manyan gonakinsa suna daji sun zama saura, abin da ya rage masa fili ɗaya ne a gabas da makaranta, kuma abincin gidansa na shekara yana tsaye a cikinsa. Geron ya yi kyau, ya cika ido, saura kwanaki kaɗan a yanka. A irin wannan lokaci manomi ba ya barin gona da safe. Shi da iyalinsa sukan ja igiyoyi su rataya gwangwanaye, su yi ta kaɗawa suna ihu, don jan baki, ɗan tsuntsun nan mai zuwa dubbai, in ya sami gona ba kowa sai dai a tarar da kara.

Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi take ci, saboda haka Saje ya kwashi yawancin mutanensa suka tafi rakiyar motocin 'yan kasuwa. Aka bar ni da allo da oba-oba. Rana ta ɗan ɗaga, ina kurɓar koko, sai na'ura ta yi ƙara. Na duba. Daga gabas, wajen fadama, ga ɗigo nan ba ɗaya ba, ba goma ba, sun haɗu sun zama dunƙule, suna tahowa ƙasa-ƙasa.

Kofin koko ya bar hannuna. Tabarau yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, taku uku tsakanina da shi. Na dube shi, na tuna sojan nan da ya ɗaga kai, sai na bar shi a inda yake. Na fizgi oba-oba.

"Oga! Oga! Sun taho! Jirage daga gabas, sun fi a ƙirga!"

Saje ya ce, "Malam Sani, natsu. Ka gani?"

Na ce, "Na gani, Oga."

A nan na yi ɓarnar. Shi yana tambaya ko na gani da idona, ni kuma na amsa da ganin allo, kuma na san abin da yake nufi sarai. Na dai ɓuya a bayan kalmar ne. Ya ce to a shigar da kowa cikin gida, kada a bar taro a fili, shi da mutanensa ga su nan sun juyo.

Na kira mai gari a waya. Kafin ka ce me, lasifikar masallaci ta ɗauka: kowa ya bar gona, kowa ya shiga ɗaki, jiragen yaƙi sun taho. Na ji ƙarar gwangwanaye tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na rufe tagogin ajin, na ja allon zuwa ƙasa, na shige ƙarƙashin teburin malami da tumbina da komai.

Ina nan a duƙe sai na ji ana ƙwanƙwasa taga. Baba Na'Allah ne.

"Malamin gona, kana ciki? Mi anka ce ya taho?"

Na ce, "Jiragen yaƙi, Baba. Ka tafi gida!"

"Daga wane wuri?"

"Daga gabas, wajen fadama."

Ya ce, "Malam, jan baki na. Kwana ukku ke nan suna kwana cikin fadamar ga. In munka bar gona yanzu, ba mu iske komi. Buɗe ka duba."

Kun san abin da na ce wa dattijon nan? Daga ƙarƙashin tebur, da muryar manya, na ce, "Baba, wannan ilimin na'ura ne, ba a yi mana horo a banza ba. Umarnin hukuma ne, ka tafi gida." Har da Turanci na haɗa masa, don ya san da mai ilimi yake magana. Na ji ya ce, "To, Allah shi kyauta," na ji takunsa yana nisa. Da ya yi mini gardama ma da ya fi, amma mutum ne mai bin na gaba.

Sama da awa biyu garin ya yi tsit. Ni kuwa ina kallon dunƙulen nan a allo ya zo daidai gonakin gabas ya tsaya, yana tashi yana sauka. Har na kira Saje na ba shi rahoto cewa abokan gaba suna shawagi a wuri ɗaya, da alama suna nazarin makaranta. Ni fa a lokacin gani nake ni suke nema.

Motocin Saje suka shigo a guje, sun baro 'yan kasuwa a wani shingen bincike suna jira. Ya sauko, ya shiga aji, ya same ni ina rarrafowa. Ya cire tabarau daga ƙusa, ya fita, ya duba gabas, sannan ya miƙo mini.

"Kwamanda, zo ka gaya mini sunan wannan jirgin, tunda ko a mafarki ka san shi."

Ba na ma bukatar tabarau. Ga jan baki nan sun rufe gonakin, kukansu har cikin kunne. Sojoji suka yi ta dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya su don kunya. Da muka isa gonar Baba dariyar ta ɗauke. Zangarniya tana tsaye, amma ka kama ka murza, babu ƙwaya, sai ƙaiƙayi. Maƙwabtansa sun yi asara su ma, amma tasa ce ta farko daga fadama, ita suka fara sauka a kai. Yana tsaye a tsakiyarta da igiyar gwangwani a hannu. Ban iya ƙarasawa wurinsa ba, na koma mota na zauna.

Saje ya rubuta rahoto, ya kuma yi mini adalci, bai ƙara ba bai rage ba. Aka ba ni takardar neman bayani, na amsa laifina, aka mayar da ni ofishin gona. Na ɗauka shi ke nan, an yi mini dariya an gama.

Bayan girbi aiki ya sake kai ni ƙauyen, na tarar ana rabon zakkar hatsi a ƙofar mai gari. Tun da aka fara tara zakka a hukumance a jihar nan, Baba Na'Allah yana cikin masu kawo dammuna a amalanke. Ran nan na gan shi a layin masu karɓa, da buhu a naɗe a hammata. Na so in juya, sai ya riga ni.

"Malamin gona! Ina gajiya? Ya jiragenku?"

Yana murmushi ya faɗa. Na durƙusa a gaban mutane na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yahe tun ranar. Tsoro ka ji, kowa na jin tsoro yanzu. Abu guda na ya yi man ciwo. Na taho har bakin taga na hwaɗa maka, ba ka ko leƙo ba."

Sai aka kira sunansa, ya warware buhunsa ya matsa gaba.

Na'urar nan ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta nuna, kuma na san wuraren da irinta ta ceci rayuka. Ni ne na tsallake mataki na biyu, na kuma raina mutumin da ya fi ni sanin samaniyar garinsu. Za a ba ku na'urori a aikin nan waɗanda mu ba mu taɓa gani ba, ku koye su da kyau. Amma duk ranar da manomi ya zo ya ce muku ku fito ku duba, ku tashi ku fita. Ni ban fita ba, kuma gidan Baba Na'Allah da hatsin zakka suka ci tuwo a shekarar nan.